Shekara shida bayan Yaya Hamidu: fayil ɗin da ya cinye muryar Baba

Shekara shida ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa a Bagudo, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Shi ne babba a ɗakinmu. Yana da ɗan shago kusa da tasha inda yake buga takardu da gyaran kwamfuta, ni kuwa ina koyarwa a firamare.

Akwai laifin da na yi masa wanda har ya koma ga Allah bai taɓa goranta mini ba. Kafin Babanmu ya rasu, Yaya ya zaunar da shi kwana uku yana naɗar muryarsa. Baba ya yi magana da Dandanci da Hausa, ya lissafo kakanninmu, ya faɗi iyakar gonakinmu na Kaoje tun daga bakin ruwa. Duk wannan yana cikin kwamfutar shagon, ba a kwafe shi ko'ina ba.

Wata Laraba Yaya ya tafi jana'iza a Zagga ya bar mini shago. Wani ɗan kasuwa da ya tsallako daga Benin ya miƙo mini filashi, ɗan abin adana bayanai da ake sokawa a kwamfuta, ya ce hotunan sunan ɗansa ne yake so a wanke. Na ga fayil da alamar hoto, na danna. Hoto bai fito ba. Kafin la'asar duk abin da ke cikin kwamfutar ya ƙi buɗuwa.

Da Yaya ya dawo sai ya ce, "Mi ka danna?" Na nuna masa. Ya taɓa wani wuri, cikakken sunan fayil ɗin ya bayyana. Bayan jpg, wutsiyar sunan hoto, akwai wata wutsiya da ban gani ba, exe.

"Suna linzami ne wurin wagga na'ura," in ji shi. "In wutsiya ta ce hoto, sai ta nuna. In ta ce exe, sai ta ɗauke shi umarni ta bi. Kuma waɗanda sunka ƙera ta sun ɓoye wutsiyar don kada mutane su ruɗe."

Ya yi wata guda yana neman ceto muryar Baba. Bai samu ko kalma ɗaya ba. Inna ta tambaya sau biyu, daga nan ta daina.

Bayan haka ya sauya manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Sabuwar ba ta yarda da suna kaɗai ba. Takan leƙa farkon abin da ke cikin fayil, kuma ba ta bin umarninsa sai mai na'ura ya sa masa alamar izini da hannunsa. Na ɗauka mutane za su gode. Sai suka fara ƙorafi cewa aikin Hamidu ya yi nawa, yana binciken filashi kamar jami'in kan iyaka da buhun shinkafa. Wasu takardun ma ba sa fitowa yadda aka saba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma shagon da ke gaba, inda ake sokawa a danna a tafi. Ya san abin da ya saya da abin da ya sayar, bai kuma janye ba.

Yau filashi ya ja baya, abin ya koma waya. A makon jiya wata malama da muke aiki tare ta sami saƙo wai katin gayyatar biki ne. Wayar ta gargaɗe ta cewa wannan manhaja ce daga wurin da ba a sani ba, ta tambaye ta ko ta yarda. Ta danna ta yarda, don kada a ce ta ƙi buɗe katin dangi. Washegari ana aika wa 'yan'uwanta saƙonni da sunanta, ita ba ta sani ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin ba zai zagi kowa ba. Zai ce an gyara abin da ya dame shi, na'ura ta koyi tambaya, mu ne muka koyi amsawa ba tare da karantawa ba. Gani ga wane ya kamata ya ishi wane tsoron Allah, amma a nan kowa sai ya taɓa wutar da kansa.

Bai bar gida ba, bai bar almajiran sana'a ba, kuma yaran da ke wucewa ta tasha yau ba su san sunansa ba. Abin da ya saura kaɗan ne. 'Yarsa Balkisu ta shiga sakandare bana. Ranar da aka ba ta waya ta kawo mini, ta ce, "Baffa, an ce Babana ya iya waɗannan abubuwan. Koya mini abin da yake cewa." Na karɓa na daɗe ina juya ta a hannu, don ni ne mutumin da ya fi kowa sanin darasin, kuma na san da me aka biya shi.

Allah ya jiƙan Yaya Hamidu, ya haskaka kabarinsa.