Jar Baƙuwa a Fadamar Alkama

Gidanmu yana wani ƙauye ne tsakanin Ajingi da Gaya, inda gonaki ke gangarewa zuwa fadama. Da damina gero da gyaɗa muke yi kamar kowa. Idan sanyi ya shigo kuwa, Baba yakan shuka 'yar alkama a bakin fadamar, yana ba ta ruwa da jigo. A lokacin ne kakarmu Iya Abu, mahaifiyar Baba, take hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, mu kewaye ta, ni da ƙannena mata biyu. Idonta ɗaya ya yi yana, don haka idan za ta dube ka sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya. Ni Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

Yawancin tatsuniyoyinta na ban dariya ne. Guda ɗaya ce ba a yi dariya ba, kuma sau ɗaya na ji ta, a shekarar da ruwan fadama ya ja baya da wuri.

"Ga wata nan tafe," in ji Iya, "ku matsa mata."

Muka ce, "Ta shigo, mun ba ta wuri."

Wai a wani gari, sarkin noma ya samo irin alkama fara, doguwa, mai cika mudu. Ya ce kowa ya niƙe tsohon irinsa a yi funkaso, a shuka wannan. Kowa ya bi, ban da wata gwauruwa, Ladi, mai ɗan fegi a ƙarshen fadama. Irinta tarkace ne: ga gajera, ga mai baƙin gemu, ga mai ƙanƙanar ƙwaya, duk a ƙwarya ɗaya. Ana wucewa ana yi mata dariya.

Ran nan da la'asar sakaliya, masu ban ruwa suka ga wata doguwar mace ja ta fito daga cikin ciyayi. Zanenta yana jan ƙasa, amma ba ta barin sawu ko a taɓo. Ta tsaya a gonar farko, ta ɗaga ganye ɗaya, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Na gane ki." Ta ratsa gonar a hankali. Kashegari duk ganyen da bakin zanenta ya shafa ya fito da jan gari, kamar tsatsar tsohuwar wuƙa.

A gona ta biyu ko tsayawa ba ta yi ba. "Ai 'yar'uwar ta jiya ce," ta ce, "fuskarsu ɗaya." Haka ta bi su, gona bayan gona. A bayanta akwai yayanta, wani busasshen mutum da ba ya magana. Shi sai dai ya durƙusa a bakin rijiya ya kafa baki, idan ya miƙe babu komai a ciki sai laka.

A nan Iya ta rage murya har sai da muka sunkuya kan wutar.

"Da ta iso fegin Ladi, ta ɗaga ganye, ba ta san shi ba. Ta ɗaga na kusa da shi, shi ma daban. Ta ci 'yan kaɗan da suka yi kama da na sarkin noma, sauran suka gagare ta. Yayan baƙuwar ya shanye rijiyar Ladi, amma gajerun nan saiwarsu ta riga ta yi nisa. To ka san abin da baƙuwar ta yi, Maigida? Ba ta yi fushi ba. Zama ta yi a kan kunya, ta rafka tagumi, ta ce wa Ladi, 'Ban san 'ya'yanki ba. Amma ba sauri nake yi ba. Zan koya.'"

Ƙanwata ta tambaya ko an kashe ta.

"Wa zai kashe ta? Ladi dai kowace shekara sai ta zaɓi zangarniyar da ta tsaya da ƙafarta, ta je garuruwa ta samo mata baƙon miji, don jikoki su fito da fuskar da baƙuwar ba ta taɓa gani ba. Ita kuma tana nan zaune a kan kunya. Na sauke ta a nan, mai ƙarfin wuya ya ɗauka."

Da safe Baba ya dawo daga fadama, ya zauna yana wanke ƙafa. Na dubi ƙafar wandonsa, na ga jan gari ya manne har gwiwa. Na ruga ɗakin Iya, na ce mata jar baƙuwar nan ta taɓa Baba. Ba ta ƙaryata ni ba. Ta ce, "Alkama take ci, ba mutane ba. Sha kunu."

Alkamar Baba ta wannan shekarar, sabon irin da ya saya a kasuwar Ajingi, ba ta yi abin kirki ba. Kunya uku na gefe ne suka ba da wani abu, inda Iya ta matsa masa ya zuba tsohon irinta. Ranar girbi ta sa aka kai ta da sandarta, tana laluba zangarnu da hannu, tana ware masu nauyi a bakin zanenta.

Yau aikina ke nan, haɗa irin alkama. Da ɗan almakashi da hantsaki nake buɗe furen wata alkama, in zuba mata garin furen wata, in rufe da 'yar takarda. Daga nan sai jira: a shuka, a hana ruwa da gangan a ga wa zai jure, a bar ƙwarin darɓa da cutar tsatsa su zo a ga wa zai tsira, a zubar da mafi yawa, a sake. Shekaru ake yi kafin iri ɗaya ya isa hannun manomi.

Akwai wani iri da muka sha wahala a kansa, ya yi shekaru yana tsayawa tsaf. Bara wani dattijo manomi daga wajen Kademi, Malam Sale, ya aiko in zo. Na shiga gonarsa, na shafa ganye, yatsana ya fito ja.

"Yaro," ya ce, "ba ku kuka ce wannan ba ya tsatsa ba?"

Na ce, "Da ba ya yi, Baba. Cutar ce ta sauya, ta gano hanyarsa."

Ina yaro na ji haushin Iya da ta bar tatsuniyar babu wanda ya yi nasara. A gonar nan na fahimci gaskiya ta faɗa mana. Babu irin ƙarshe, kuma ranar da kowa ya shuka abu ɗaya, ranar aka sauƙaƙe wa cuta aiki. Abin da zai cece mu gobe yana iya kasancewa cikin munanan ƙwayoyin da muka raina jiya.

Na tambayi Malam Sale ko akwai wanda har yanzu yake ajiye alkamar da. Ya daɗe yana lissafa mutane, yana cewa wannan ya rasu, wannan ya niƙe nasa. Can ya ce, "Akwai wata tsohuwa a bayan masallaci. Amma ka yi sauri, ba ta da lafiya."

Ban ko goge hannuna ba, na tayar da babur.