Azumina da Ke Cikin Ƙwaryar Kaka

Ko zan manta hanyar gidanmu a Dayi, ba zan manta ranar da na kife a gonar masara saboda ƙwaryar Kaka ba. Har yau in yayana yana son ya kunna ni, ƙwaryar nan yake ambata.

A gidanmu yaro ba ya fara azumi da cikakken yini. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ke kula da wannan fanni. Da an kira azahar sai mu jeru a ƙofar ɗakinta, leɓe a bushe, ido ya faɗa kamar mun shekara ba mu ga tuwo ba. Sai ta ɗauko wata tsohuwar ƙwarya, ta ɗaga faifan kaɗan, ta ce da ni, "Maigida, hura naka a nan, yi maza kada na ƙannenka su gudu." In hura, ta rufe, ta miƙo mini fura. Wai rabin yau za ta haɗa da rabin gobe ta ɗinke, ya zama azumi guda. Na sha leƙawa in ga ɗinkin, kullum wayam. Ta ce idon mai ƙiriniya ba ya ganin azumi.

Shekarar da na kai goma, bayan ƙaramar Sallah, aka koma Islamiyya. Ran nan na tsaya ƙwallo na makara. Na sulale ta baya na zauna, daidai Malam yana cewa, "Wanda ya ci da gangan da rana a Ramadan, ramuwa kaɗai ba ta isar masa, sai da kaffara, wata biyu a jere. Kuma kowace rana da tata."

Da gangan? Ni da nake sha da ludayi har ina neman ƙari! Na fara lissafi da yatsu, yatsun suka ƙare, na ari na wanda ke kusa da ni, su ma suka ƙare. Na gano sai na yi furfura, na aurar da jikoki, ban gama biya ba. Tambaya kuwa ba ta yiwuwa, don ina ɗaga hannu Malam zai gane yanzu na shigo. A gida ma na yi gum, saboda a ganina Kaka tana cikin laifin dumu-dumu, ita ke dama furar. Tsohuwar da ke tashi da ƙyar, ina za ta iya wata biyu? Na ce gara in fara nawa a ɓoye, in na samu sarari in biya mata nata.

Ranar Asabar na ɗauki azumi, ko sahur babu. Da safe aka kawo koko da ƙosai na ce na ƙoshi. Inna ta dafa goshina ta ce, "Kai ne ka ƙoshi? Ko dai zazzaɓi?" Na zille na bi Baba da yayana gona. Ana noman farko, masara ba ta kai gwiwa ba, babu inuwar ko tsuntsu. Da hantsi ina ta cika baki da fartanya. Da rana ta take sai na ga kunyoyin gonar suna rawa, Baba ya zama mutum biyu, dukkansu suna kirana daga nesa.

A gindin ɗorawa na farka, jikina sharkaf, yayana yana yi mini fifita da malafa. Baba ya kafa mini jarkar ruwa a baki, na datse haƙora.

"Ina azumi, Baba."

"Azumin me? Sitta Shawwal?"

"Kaffara."

Sai kuka ya ƙwace mini, na zayyana komai, da ƙwarya da fura da wata biyu da Kaka. Yayana ya faɗi cikin kunya yana dukan ƙasa don dariya. Baba ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna motsi, sannan ya ce in sha, babu komai a kaina. Na ce ni dai sai na ji daga bakin Malam. Haka ya ɗora ni a babur, yayana ya riƙe ni ta baya kamar buhun taki.

Mun sami Malam a zaure. Ya saurara har ƙarshe, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ranar nan yaushe ka shigo aji?"

"Allah gafarta Malam, an ɗan fara."

"An ɗan fara! Abin da na buɗe da shi ke nan. Wanda bai balaga ba, babu ramuwa a kansa, balle kaffara. Koyo kuke yi, kamar yadda ake sa ku sallah tun kuna da shekara bakwai don ku saba."

"To Kaka fa?"

"Kakarka lada take kwasa. Sha ruwa, ja'iri."

Wallahi ban taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba. Ji na yi an sauke mini tirelar masara daga ƙirji.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Kaka tana zaune da ƙwaryarta a cinya. Ta ce, "Au, ni ka kai ƙara wurin Malam? To na fasa auren." Sai ta ɗaga faifan kaɗan. "Zo ka hura na yau, ai ka kai azahar. Ba za mu bar shi a gona ba."

Yanzu azumina cikakke nake yi, kuma ni ke riƙe wa ƙananan gidanmu ƙwaryar, ina tsare gida kamar alƙali. Abin da na koya shi ne rabin azumin yaro Kaka tana ɗinke shi, amma rabin karatu sai an buɗe baki an yi tambaya. Tun daga ranar, ko na makara, ina zama nake ɗaga hannu in ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan koma farko."