Baba Sikazwe, Dattijon da Ya Goyi Liseli

Kafin ɗaliban injiniya su gama karyawa, Baba Lackson Sikazwe ya riga ya jingine kekensa a bayan ɗakin gwajin ruwa na jami'a. Abin da yake fara yi shi ne ya ɗauki tsumma ya bi daɓe lungu-lungu, domin a ɗakin da ruwa da wutar lantarki suke zaune tare, ɗigo ɗaya ba abin rainawa ba ne. Daga nan ya cika tankuna, ya fitar da iskar da ta maƙale a bututu, ya kasa kunne ga kowane inji kamar mai sauraron numfashin yaro. Wannan kasa kunne tun yana saurayi ya koye shi a ramin haƙar tagulla nan garin Kitwe, inda in injin kwashe ruwa ya tsaya, rayukan mutane ne a ƙarƙashin ƙasa. Ƙarshen wannan zango zai yi ritaya, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Malamai su ke koyar da lissafin gudun ruwa a allo, kuma suna yi da kyau. Baba Sikazwe shi ke tabbatar da cewa ɗalibi ya ga abin da idonsa, ya kuma koma gida da yatsunsa cif. Duk wanda ya ratsa ajin nan yana da labarinsa. Akwai wanda ya zo da silifa, Baba ya tare shi a ƙofa, ya cire nasa takalman roba ya ba shi, shi kuma ya wuni kan kujera da safa. Akwai 'yan matan da ya hana matsowa kusa da inji sai sun ɗaure kitsonsu, kuma robar ɗaurewar daga aljihunsa take fitowa. Amma labarin da iyaye mata irina ba sa gajiya da ji shi ne na Namakau.

Namakau tana aji uku ta haifi Liseli. Ta dawo karatu da jaririya a hannu, ba uwa kusa, ba ƙanwa. Dokar sashen a fili take: wanda bai kammala gwaje-gwajen darasin gudun ruwa ba, ba zai zauna jarrabawa ba, sai ya maimaita shekara. Dangin mijinta kuwa sun riga sun fara cewa ta ajiye littafi har ta yaye. Ta san in ta koma gida da sunan shekara ɗaya, ba za ta dawo ba. Sauran gwaje-gwajen ta samu maƙwabciya ta riƙe mata yarinyar. Ranar gwajin ƙarshe, maƙwabciyar ta tafi jana'iza ƙauye.

Haka ta iso da goyo. Baba ya dube ta, ya dubi ɗan kan da ke leƙowa daga zane.

"Maman Liseli, kin san ba a shigo mini da yaro nan."

"Na sani, Baba. Yau ce ta ƙarshe, ba ni da inda zan kai ta."

Gwajin ranar ba ya buƙatar wuta, tanki ne kawai a kan tebur da dogon bututun gilashi. Sai ya kashe duk injinan ɗakin, ya sa aka jawo teburin kusa da ƙofa, ya ce ta shigo.

Gwajin mai sauƙin faɗa ne. Ana sakin tawada ta bakin allura zuwa tsakiyar ruwan da ke bin bututun. In ruwan yana tafiya a natse, tawadar ta miƙe kamar zare. In an ƙara buɗe famfo, zaren ya fara rawa har ya watse. Aikin ɗalibai shi ne su gano daidai gudun da zaren ke fara watsewa. Sharaɗi ɗaya ne: ruwan tanki ya kwanta luf, kada kowa ya motsa teburin.

Namakau ke riƙe da famfo, wani ɗan ajinsu, Miyoba, ke auna ruwan da ke fita. Miyoba Batonge ne, daga ƙabilar makiyaya, ita kuwa Baloziya, daga ƙabilar mazauna bakin kogi, abokan wasa ke nan, ba a rabuwa da tsiya. Suka saki tawada, ta watse nan take. Suka jira ruwa ya kwanta, suka sake, ta kuma watsewa, alhali famfon ko rabi ba a buɗe ba.

"Ku da aka haifa cikin kwalekwale," in ji Miyoba, "ashe ruwan tanki ma ya fi ƙarfinku."

"Kai dai auna abin da aka ce ka auna. Ba nonon shanun babanka ba ne, kada ka shanye."

Aka yi dariya, amma lokaci yana tafiya, wasu ɗaliban na jira a waje. Da zaren ya sake watsewa, Miyoba ya daina dariya. Ya lura da abin da ita ba ta lura da shi ba. Tun da ta tsaya, Namakau take 'yar rausaya, hagu da dama, yadda kowace mai goyo take yi ba tare da ta sani ba, ƙugunta kuma yana taɓa gefen teburin.

"Ke ce ke girgiza ruwan," ya ce a hankali. "Wallahi ba wasa nake ba."

Ta tsaya cak. Liseli ta ji an daina jijjiga, ta tsandara kuka. Uwar ta sake rausayawa, zaren ya watse. Idanun Namakau suka kawo ruwa, ta fara lalubar jakarta za ta fita.

"Ina za ki?" in ji Baba. "Kwanto ta."

"Baba?"

"Kwanto ta, ki ba ni har da zanen. Jikokina duk a bayan nan suka yi barci, in kakarsu ta tafi kasuwa."

Ya sunkuya, ta ɗora masa yarinyar, ya ja zanen ya ɗaure a ƙirji bisa rigar aikinsa, ɗauri mai kyau irin na wanda ya saba. Ya fita baranda yana kai da komo, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ɗaliban da ke jira suka fara ƙyalƙyala dariya.

"Baba, zanen nan ya karɓe ka."

"Ka matsa daga hanya, Injiniya tana barci."

Ta taga yake leƙowa. "Ki bar ruwan ya huta tukuna. Kada ki yi sauri, Maman Liseli, ba inda za mu."

Namakau ta ja da baya daga teburin, ta miƙa hannu kawai ta murɗa famfon. Tawadar ta fito, ta miƙe siririya daga wannan bakin bututu har wancan, ko karkacewa babu. Wata uku tana haddace wannan abu a takarda, yau ta gan shi. Ta ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan har zaren ya fara karkarwa, Miyoba ya auna, ya ce, "To, 'yar kwalekwale, na sallama." Ta zauna jarrabawa tare da 'yan ajinta. Bana take gamawa.

Baba Sikazwe, kai ne wanda bai karya doka ba, bai kuma bari doka ta karya mutum ba. Da ka ce mata ta tafi, ba wanda zai zarge ka. Da ka bar ta tsakanin injina masu juyawa da jaririya a baya, mu iyaye ba za mu yafe maka ba. Ka kashe injinanka, ka ba da bayanka. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi cikin jikokinka.

Ku kuma masu riƙe da makullan ɗakunan karatu da wuraren aiki, gobe wata za ta tsaya a ƙofarku da goyo, tana jin kunyar roƙo. Ba lallai ku iya ɗaurin zane ba. Amma kafin ku ce mata ta koma gida, ku tambaye ta abin da ya rage mata ta gama.