Malam Umaru Ya Tafi da Sunan Shafinmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo mini waya, wai Malam Umaru ya rasu.

Na kasa zama. Na fita, na dawo, na sake fita, ban ma san inda na nufa ba.

Tsohon malaminmu ne na Hausa a Gummi. Shi na kai wa kukana da muka tashi buɗe shafin da zai riƙa sanar da abin da ake ciki a gari duk mako, wasan ƙwallo ne, wa'azi ne, walima ce. Abokan aikina sun laƙaba wa shafin sunan Turanci. Ni kuwa na kafe sai an mayar da shi Hausa mai kama kunne kafin mu buɗe ranar Asabar.

Malam ba ya fassara a zaune. Tasha zai ja ka, ya saya maka rake, ya ƙwala sunan kamar mai kiran fasinja, sannan ya yi shiru. In wani ya waiwayo ya maimaita, suna ya yi. In ba haka ba, a jefar.

Na kawo "Jagoran Al'amuran Gari". Ya ƙwala shi a gaban motar Bukkuyum, ko ɗan kamasho bai ɗago kai ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga sunan takardar ofis na."

Wallahi na ji haushi, amma dariya ta ci ƙarfina.

Shekaranjiya na same shi a ƙofar gida, ya rame, yana tari. Ya ce, "Na samo sunan. Amma ba ni faɗa maka nan, sai mun tai tasha mun gwada." Na yi magiya, na ce ko a kunne ne. Ya ce, "Mi kaka gaugawa? Assabar da saura."

Ɗazu na tambayi mai ɗakinsa, Inna Hajo. Ta ce ita ma bai faɗa mata ba, ta dai ji shi yana ta maimaita wani abu ƙasa-ƙasa yana murmushi.

Ban iya jiran Asabar ba. Yanzu na buɗe shafin, wurin suna babu komai. Sanarwar farko ita ce jana'izar Malam Umaru, bayan Azahar, a ƙofar gidansa.

Allah Ya jiƙanka Malam, Ya yalwata maka kabari, Ya ba Inna Hajo haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a, wanda ke kusa kuma ya zo mu kai shi.