Get Ɗin Da Aka Ce In Juya

Jama'a, ni mai walda ne, ba malami ba, ba kuma mai ganin aljanu ba, don haka abin da zan faɗa muku in kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku bar min kayana. Amma wallahi tallahi a kaina ya faru, da hantsi, ido na ganin ido.

Shekarun baya shagona yana Gada Biyu a nan Jos, jikin tiredar wata 'yar Ibo da muke kira Mama Obinna. Obinna shi kaɗai Allah ya ba ta, saurayi mai tsokanar tsiya, mayen ƙwallo, shi ke busa wa 'yan goyon bayan kulob ɗinsu ƙaho, kuma bai taɓa kiran sunana ba sai dai "Oga Mai Wuta". Wata Asabar cikin damina ya tafi kallon wasa a wani fili ta hanyar Bukuru, ba zan kama suna ba, uwar ta biyo shi har titi da wata jar rigar sanyi tana cewa ya sa, ya yi dariya ya haye mota ya bar ta da ita a hannu. Ana cikin wasa ruwa ya ɓarke da ƙanƙara manya-manya, kowa ya ruga get, shi kuwa get ɗin ciki yake buɗewa ba waje ba, sai an jawo shi. Na gaba suna ihu a ja baya, na baya ƙanƙara na dukansu suna ta turowa. Haka aka danne mutane a jikin ƙarfen nan, Allah ya ji ƙansu, Obinna yana ciki.

Abin da ya fi ƙona rai, masu filin suka ce get ɗinsu lafiya lau, waje yake buɗewa, 'yan kallo ne suka yi hauka. Iyayen yaran, Musulmi da Kirista, suka haɗa kai suna ta sintiri ofis-ofis, kuma duk Asabar sai su je su tsaya bakin get ɗin, wannan ya ɗaura hular ɗansa a jikin ƙarfen, wannan tsumman rigar ƙwallo, Mama Obinna ta ɗaura jar rigar sanyin nan. Suka nace har aka ce kwamitin bincike zai zo ya gani da ido. Ba su da wata shaida a duniya sai get ɗin.

To ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zo, sai ga wani ɗan kwangila ya ce akwai gyaran get, in ɗauko injin walda da janareta. Ban san ina ba ne sai da mota ta tsaya, na ga tsummokaran nan suna lilo a jikin get, na gane filin nan ne. Ya ce aikin ba wuya, in ƙone pata, wato ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai, in mayar da su ta waje, masu fenti su bi. Na ce, "Oga, ai wannan get ɗin magana ke kansa." Ya sha mur, ya ce shi walda ya kira ni ba wa'azi ba. Na waiga, filin ba kowa sai shi da leburorinsa biyu ƙarti, ga shi shi ya kawo ni, kayan sana'ata duk suna bayan motarsa, kuma irin kallon da yake min ba na wasa ba ne. Na ce a raina bari in ja lokaci ko Allah zai kawo wani.

Leburori suka tsinke tsummokaran suka zubar, jar rigar dai ni na kwance ta da hannuna na ninke na ɗora kan murfin janareta, don na san ta wa ce. Sai na ce a buɗe get ɗin in samu wurin aiki. Aka cire kwaɗo, muna waje muka tura shi ciki, ko gezau. Muka haɗa kafaɗa mu uku, kai, kamar mai tura dutsen Jos! Ba tsatsa ba ce, na duba, ba kuma abin da ya tokare shi, ta tsakanin sandunan kana hango fili fayau, ciyawa da yayyafi kawai. Abin da ya fara tayar min da tsigar jiki, ana sanyin nan mai shiga ƙashi, amma ƙarfen ɗumi gare shi, da danshi mai maiƙo, na shinshina hannuna na ji warin gumi.

Ɗan kwangila ya daka min tsawa in yanke shi a rufen. Na tayar da janareta, na sauke gilashin walda a fuskata. Ku tambayi duk mai walda, baƙin gilashin nan ba ka ganin komai ta cikinsa sai wutar da ka kunna, ko rana sai dai ka gan ta kamar kwabo. Ni kuwa ban ma ɗora sandar walda ba, na ga hannaye. Inna lillahi! Hannaye ne birjik sun fito ta tsakanin ƙarafa, fuskoki a manne, mutum kan mutum, bakuna a buɗe amma ba ƙara, sai wani nishi can ƙasa-ƙasa da ya danne kukan janareta. Na ɗage gilashi, wayam. Na sake saukewa, suna nan. A gaba daf da ni, har ina jin hucinsa a kunnena, Obinna ne, sanye da jar rigar sanyi. Ya ce da Hausarsa ta yaran Jos, a hankali kamar mai ƙarancin numfashi, "Oga Mai Wuta, bar shi haka. Mamana zai zo."

Ban san lokacin da na jefar da gilashin ba. Na dubi kan janareta, ba riga. Na nuna wa leburorin get ɗin, ɗaya daga ciki ya ɗauki gilashin ya leƙa, ban san me ya gani ba, sai dai ya kira sunan Yesu ya zura da gudu, ɗayan ya rufa masa baya. Ɗan kwangila yana zagi yana cewa zai ɗaure ni, na ce, "Oga, ga wuta ga gilashi, bismillah." Bai taɓa su ba. Na bar masa injin da komai na taka har bakin titi, na yi kwanaki a kwance da zazzaɓi. Na ji an ce ya nemo wani mai walda daga kasuwar Katako, shi ma bai yi aikin ba, mun sha haɗuwa da shi amma ba wanda ya taɓa tambayar wani.

Ranar da kwamiti ya zo na bi iyayen. Mama Obinna ta ce wa babbansu ya tura get ɗin daga ciki zuwa waje, ya tura da ƙarfinsa ya ƙi, sannan ita ta sa yatsa ɗaya daga waje, get ɗin da ya gagari ƙarti uku ya tafi ciki salin-alin. Kowa ya gani, wani dattijo mai ɗinki ya fashe da kuka. Sakamakon binciken dai har yau ana cewa yana nan tafe, su kuma iyayen ba su fasa zuwa Asabar ba, duk da wasunsu sun bi 'ya'yansu.

A hanyar dawowa ta ce min wani mara imani ya sace mata rigar ɗanta. Na rasa yadda zan yi, sai na faɗa mata komai, ina jiran ta ce na haukace. Ta tsaya cak a gefen titi ta dube ni ta ce, "Ya sa?" Na ce ya sa, Mama. Ta ce, "To. Na gode Allah. Sanyi ya yi yawa a wurin." Wallahi ni ne na yi kukan, ba ita ba.

Har gobe in zan sauke gilashin walda sai na yi bismillah, kuma ba na yarda in fuskanci get da shi kafin wuta ta kama. Ku kuma, don Allah, duk taron da za ku shiga, filin ƙwallo ne ko ɗakin biki ko wurin ibada, ku tsaya ku duba ta ina ƙofar take buɗewa kafin ku sa ƙafa.