Ruwa Biyar

Ɗazu da hantsi na tsoma yatsa a tukunyar fulawar da ke bakin tagar ɗakina, na ji ƙasar ta bushe, sai na ɗauko buta na tsiyaya mata ruwa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso. Wannan ƙamshi bai taɓa barina a inda nake ba. Kullum sai ya mai da ni Unguwar Kanawa a Kaduna, ɗakin kakata, a wata damina da nake ɗan shekara goma sha ɗaya.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Ɗakin da ke jikin na Kaka na wata malamar firamare ce, Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna. Mu yara Malama muke ce mata, ita kuwa Mama take kiran Kaka. Mijinta ya rasu tun kafin in yi wayo. A cikin abin da ya bar mata har da wata fulawa mai yaɗo da ya taɓa kawowa daga ofishinsu a Doka. Ganyenta kamar na dankali, kore shar mai ratsin ruwan ɗorawa. Malama ta buga ƙananan ƙusoshi a bango, fulawar ta bi su ta zagaye hoton mamacin. Ba ta fure, ba a miya da ita, shi ya sa Kaka ta daɗe tana mamakin amfaninta. Amma ta san matsayinta a zuciyar mai ita.

Da aka ba da dogon hutu, Malama za ta tafi garinsu, sai ta roƙi Kaka ta riƙe mata fulawar. Kaka ta ce ta karɓi amana. Ranar tafiya Malama ta kwance yaɗon daga ƙusoshi, ta naɗe shi a hankali, ta kawo tukunyar. Ta tarar Kaka ta tayar da sallar walha, ga mai tasi yana ta danna ham a waje. Sai ta bar saƙon a hannuna: a ba ta ruwa bayan kwana biyar-biyar, shi ma sai an taɓa ƙasar an ji ta bushe.

A lokacin ina ji da rubutuna na ajami. Malaminmu na allo ya taɓa ɗaga takardata ya nuna wa manyan ɗalibai, ni kuwa na riƙe wannan kamar sarauta. Kaka ba ta san boko ba amma tana karanta ajami sarai. Na ɗauko alƙalami da tawada zan rubuta mata saƙon, sai na ji abokaina suna buga ƙwallo a layi. Na taƙaita. Kalma biyu na rubuta, na ƙawata su da wasali da ɗigo: ruwa biyar.

Ka yi tunanin tsohuwar da ta shekara sittin tana auna yininta da salla. In ka ce mata biyar, me za ta ji? Kaka ta karanta, ta ce ashe ita ma baiwar Allah tana da lokutanta. Dama da damina a bakin ƙofa take alwala, ruwan yana taruwa a tasa. Ta ga ta sami inda za ta riƙa kai shi, ga ladan shayar da mai rai. Asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha, ba ta taɓa tsallake ɗaya ba. Don kada ruwa ya ɓata mata ledar ɗaki kuma, ta zaunar da tukunyar a cikin wani kwano mai zurfi, ruwa ya kwanta a ciki dare da rana.

A kwana na biyu na gane abin da ke faruwa. Ban yi magana ba. Kaka ta riga ta manna takardar a bango, duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata ta ce, "Dubi hannun maigidana." Haka take kirana, wasan kaka da jika. Na gaya wa kaina ruwa ai rahama ne, ba ya cutar da shuka.

Mako uku ana haka. Ganyayen ƙasa suka fara rawaya, suna faɗowa da kansu. Gindin ya yi baƙi ya yi laushi, ɗakin ya ɗauki wani wari kamar na kwata. Kaka ta daina yawan hira. Na ji ta bayan la'asar tana cewa a addu'arta kada Allah ya kunyata ta a kan kayan marainiyar Allah. Da ta ga abin yana gaba, sai ta ƙara ruwan, a zatonta ƙishi ne.

Ran nan baffana ya zo gaishe ta. Aikinsa kula da lambu a manyan gidajen Malali. Ya ɗaga tukunyar, ruwa ya tsiyayo, ya zaro saiwar ta fito baƙa tana narkewa a hannunsa.

"Inna, wannan ai nutsar da ita kika yi."

"Ni da nake bin takarda? Ga ta nan, karanta."

Baffa ya karanta, ya juyo ya dube ni. Wannan kallo ya fi mini bulala. Na durƙusa na faɗi abin da Malama ta ce tun daga farko, na faɗi ƙwallon, na faɗi shirun da na yi. Kaka ta ce rubutun da ya rage magana ba ta ga laifinsa sosai ba, yaro ne. Shirun ne ya ci amanar.

Baffa ya ce gindin ya tafi, amma saman yaɗon da sauran rai. Ya sa reza ya yanka rassa huɗu, kowanne ƙasa da gaɓa kaɗan, ya ce a tsoma su a kwalaben ruwa a ajiye inda haske ke shigowa ba rana ba. Kaka ta riƙe haɓa. "Ruwa ya kashe ta, ruwa kuma zai tashe ta? Allah mai iko." Canjin ruwan kwalaben ya zama aikina. A rana ta goma na ga wani farin zare ya leƙo daga gaɓar reshe ɗaya. Uku suka yi saiwa, ɗaya ya mutu.

Da Malama ta dawo, Baffa ya ba da shawarar a dasa su a tukunyar a miƙa mata kawai, a ce an yi mata aski. Kaka ta ƙi. Ta ajiye busasshen gindin da kwalabe uku a gabanta, ta sa ni na maimaita bayanina. Malama ta ɗauki gindin tana juya shi, idonta ya kawo ruwa, na tabbata hoton nan take tunawa. Can sai ta ce, "Sau biyar, Mama? Da ruwan alwala?" Kaka ta ce ƙwarai. Malama ta fashe da dariya har tana share hawaye. "Na bar miki 'yar coci, kin mai da min ita Hajiya!" Ta ɗauki kwalabe biyu. Ta uku ta tura gabana, ta ce tunda ni na kashe, ni zan raya.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Malama ta koma hayin kogi da zama a shekarun da rikicin addini ya sa maƙwabta irinmu suka rarrabu, yau da wuya ka ga ɗakuna biyu irin waɗancan bango ɗaya. 'Ya'yana kuma in suna son sanin abu, waya suke tambaya. Amma fulawar da ke tagata jikar jikar reshen nan ce, na sha yanka ta ina dasawa. Ban taɓa ba ta ruwa ban fara taɓa ƙasar ba. Kuma har yau, in aka ba ni saƙo, ko a bakin ƙofa ne mota tana jira, sai na rubuta shi duka.