Likkafanin Ulu na Mu'allim Futuh

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, shekara ta ɗari shida da sha biyu, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Mu'allim Futuh mai yin takarda a Fusɗaɗ, bayan jinyar wata biyu. Ni Mufaddal mai kwafar littattafai, shekara talatin da huɗu ban ɗora alƙalami a kan takardar kowa ba sai tasa.

Futuh, na san ba ka son yabo, to yau sai haƙuri. Kai ne kake zaɓar tsumman lilin ɗaya bayan ɗaya, ka jiƙa, ka daka har ya koma kamar kunu, ka tsoma matacinka na kara ka ɗago shi sau ɗaya tak, hannu ba rawa. Ka manna takardar a bango ta bushe, ka shafe ta da kunun alkama, ka goge da dutse har ta yi santsi. Shekarar da idona ya fara rauni, ka riƙa rina rabona da ɗan ja-ja don kada farin ya kashe mini ido, kuma ba ka taɓa faɗa mini ba. 'Yarka Sitt Zumurrud ce ta tona maka asiri.

Na tuna ranar da wasu mutane suka sauke maka jakai uku na lilin, a araha, yana warin ƙaro. Ka ɗaga ƙyalle ɗaya ka shinshina, ka ce, "Wannan daga jikin wa kuka kwance shi?" Suka yi dariya, wai ai na mutanen da ne, waɗanda ba su da mai nema. Ka ce, "Ku mayar wa masu shi. Ba na dakan kayan matattu."

Kafin su kai bakin titi maƙwabcinka Ibn Galbun, shi ma mai yin takarda, ya tare jakan. Daga ranar ya zama babban mutum, rawani kamar kwando, masu tonon kabari suna shiga ta ƙofarsa ta baya. Da tsofaffin kaburbura suka yi musu nisa, kowa ya san inda suka koma: maƙabartarmu, inda ƙasa ba ta gama bushewa ba. Malaman da suka guje ka suka koma wurinsa don araha, su ma sun sani. Suna rubuta babin haƙƙin mamaci a kan likkafanin wani bawan Allah, ko kunya babu. Tir da wannan ilmi.

Abin da ya dame ka a jinya ke nan, fiye da ciwon. Ka ce da Zumurrud a gabana, "Kada ku sa ni a lilin. Ba zan yi shekara arba'in ina ƙin wannan ƙazanta ba, a ƙarshe a daka ni a turmin Ibn Galbun a ƙunshe barkono da ni." Na ce sai mu yayyaga likkafanin yadda ba zai sayu ba. Ka harare ni. "Mufaddal, har yau ba ka da wayo. Mai takarda ai yagagge yake so, ka rage masa aiki ne. Ku nemo ulu. Gashin tumaki ko kwana dubu aka daka ba ya zama takarda."

Safiyar jana'iza sai ga Ibn Galbun da tawagarsa, yana matse idon da babu hawaye, an ɗauko masa farin lilin mai tsada a kan faranti, wai sadaka ce ga ɗan'uwansa a sana'a. Dangi suka fara gyaɗa kai. Wani kawunka ma ya ce abin kunya ne a binne babban mu'allim cikin bargon makiyaya, mutane za su ce an rasa ne. Wallahi na ji tsoron za su rinjaye mu.

Zumurrud ce ta yi magana daga bayan labule. "Baba Mufaddal, ka ce da Ibn Galbun mun gode, mun riga mun suturta shi. In yana son ya tabbatar, ya matso ya taɓa."

Ya kuwa matso. Hannun da ya saba tantance tsumma bai iya riƙe kansa ba: ya kama gefen likkafanin, ya murza tsakanin yatsu biyu a gaban jama'a, kamar yana ciniki. Na ga lokacin da ya gane ulu ne. Ya saki, ya goge yatsunsa a riga, ya juya ya ce da yaransa su mayar da lilin gida. Bai ma tsaya sallar ba.

Allah Ya jiƙanka, Futuh, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Ya ba Sitt Zumurrud da 'ya'yanta haƙurin rashinka, Ya kuma ba ni, don ni ma na yi rashi. Yau kwana tara ke nan ina zuwa kabarinka kowace safiya. Ƙasar tana nan yadda muka rufe ta.